Hannun Da Ya Taɓa Sitiyarin Jirgin Fito

Hantsi bai gama ɗagawa ba ranar Litinin, wani ɗan acaɓa ya faɗo caji ofis da taɓo har gwiwa, ya ce an kashe mutum a mashigin Tudun Gamji, kuma in 'yan sanda ba su hanzarta ba gawar za ta zama biyu.

Sufeto Dalhatu ya ajiye shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Shekara goma sha tara yana aikin nan, ya sha rigimar iyakar gona, ya sha satar injin ban-ruwa, amma jirgin ruwa kam ko shigarsa bai taɓa yi ba. Ya kira Saje Saliha, suka hau motar sintiri, suka bi gefen kanal suna tafiya suna zamewa.

Watan Agusta ne, kogi ya cika ya batse. A bakin mashigin an shimfiɗe gawar Mudassiru, an rufa mata zane. Masunta ne suka tsamo shi cikin ciyawar kacala can ƙasa. Gefe guda kuma ga Ɗanbaba mai fito, an ɗaure shi da igiyar shanu a jikin gamji, leɓensa a fashe, ido ɗaya a kumbure.

"Wa ya ga abin da ya faru?" in ji Sufeto.

Baki ya fi ashirin ya amsa. Da ƙyar ya tsayar da mata huɗu 'yan dashe, waɗanda suke jiran sawu na biyu a bakin ruwa lokacin da abin ya auku. Maganarsu ɗaya ce. Jirgin ƙungiyar manoma ya tashi da mutum biyu da lodin irin shinkafa. Mudassiru na zaune a gaba kan dammunan iri, Ɗanbaba na riƙe da sitiyari. Suna kaiwa tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, sai jirgin ya yi wata irin juyawa, Mudassiru ya wuntsila.

"Kuma bai tsaya ba, Yallaɓai," in ji babbarsu. "Sau biyu ya kewaya a kan wurin da bawan Allahn nan ya faɗa. Da idona na gani."

Wani dattijo dogo yana tsaye a kan gawar, hannayensa cikin babbar riga. Aka gaya wa Sufeto shi ne Malam Badamasi, mahaifin mamacin, shugaban ƙungiya, kuma makanikin da duk injin ban-ruwan yankin ke bi ta hannunsa.

"Baba, sannu da haƙuri. Kana zargin wani?"

Dattijon ya daɗe yana kallon ruwa. "Jama'a sun faɗa maka," ya ce.

Sufeto ya sa aka kwance Ɗanbaba, ya tura shi mota da sauri, duwatsu na bin su.

A ofis, Ɗanbaba ya fara da ƙarya, kuma wallahi ƙaryar ba ta da ko fasali.

"Kun taɓa faɗa da marigayi?"

"Ni da shi? Ko cacar baki ba mu taɓa yi ba."

"To wa ya fasa masa goshi da shebur a watan azumi, a kan ƙofar ruwa?"

Ɗanbaba ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ranar ruwana ce ya buɗe wa gonarsa. Amma an sasanta mu, ranka ya daɗe."

"Kai ka ce an sasanta. Mutanen gari sun ce kun yi wata huɗu ba ku gaisa. Me ya faru a tsakiyar kogi?"

"Sitiyarin ne ya mutu a hannuna. Ina juyawa yana juyawa, amma injin ba ya bi. Injin ya karkace gefe guda ya zauna. Kafin in kai hannu in kashe shi mun kewaya sau biyu. Na faɗa ruwa na neme shi, Allah shi ne shaida."

"Lafiyar sitiyarin ƙalau kafin ranar?"

"Ina fa! Tun rani ya ƙame. Da ruwa ya ja muka ajiye jirgin ƙarƙashin gamji, ana tara buhunan taki a ciki. Da damina ta zo, ƙato biyu suka kama sitiyarin nan bai motsa ba. Ƙungiya ta ce kada a taɓa sai Ɗanladi makanikin jirgi ya zo daga Tiga ranar Laraba."

"To me ya kai ka shiga ranar Litinin?"

"Shi marigayin ne ya zo ƙofar gidana da safe, ya ce an gyara. Na je na taɓa, na ji yana juyawa sumul. Na ɗauka Ɗanladi ne ya zo da wuri."

"Wa ya ji lokacin da ya faɗa maka?"

"Babu. Daga ni sai shi."

Sufeto ya jefar da biro kan tebur. Shaida ɗaya tak da mutumin nan yake da shi, an binne shi bayan azahar.

Oga DPO ya karanta jawabin, ya karanta na matan huɗu, ya ce magana ta kisan kai ba ta zama a ƙaramin ofis. Ranar Alhamis da safe za a wuce da fayil da mai laifi Kano. Sufeto ya san abin da wannan ke nufi. Mutum ya shiga da tuhumar kisa da shaidu huɗu a kansa, to sai dai 'ya'yansa su girma ba ya nan. Ga shi kuma zuciyarsa ta ƙi yarda. Wanda ya shirya kisa ba ya yin sa gaban mata huɗu da rana tsaka. Amma ba a sa zuciya cikin fayil.

Ranar Talata ya aika mota Tiga ta ɗauko Ɗanladi. Gajere ne, mai surutu, yatsunsa baƙi ƙirin da giris. An ja jirgin kan tudu an ɗaure da sarƙa. Ɗanladi ya durƙusa bayan injin, ya leƙa, sai surutun ya ɗauke.

"Inna lillahi. Wa ya yi wannan ta'asa?"

"Yi mini bayani kamar ban san komai ba, don kuwa ban sani ba."

"Ka ga wannan sandar ƙarfen, Yallaɓai? Daga sitiyari take, ta bi ta cikin bututun nan, ta fito ta kama hannun inji. Ka juya sitiyari, ta tura inji ko ta ja shi. In jirgi ya daɗe a ajiye, giris ya bushe, tsatsa ta shiga, sai ta manne a cikin bututun. Bare kuma an haɗa ta kwana da takin zamani, ai shi cin ƙarfe yake yi."

"Yaya ake sakinta?"

"Da haƙuri. Ka kwance noti, ka ɗiga mai, ka tafi gida. Gobe ka dawo ka ƙara. Kwana biyu, kwana uku. Sannan ka sa katako a kanta ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali. In ta fito ka goge tsatsar, ka sa sabon giris. Shi ke nan fa. Amma dubi nan." Ya nuna inda fentin ya ƙone ya yi baƙi. "Wuta aka sa. Shinshina nan, kalanzir ne da man birki. Sannan aka sa guduma kai tsaye. Ta saki kam, amma dubi bakin sandar, ya baje, ramin ya matse. Ƙusar da ke haɗa ta da hannun inji ba za ta ƙara shiga ba har abada."

"To da me aka haɗa su?"

Ɗanladi ya sa farce ya ƙwaƙulo wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar wake ba, ya ɗora a tafin hannun Sufeto.

"Roba. Robar cikin taya. Ɗaure su aka yi kamar tiyo. A bakin gaɓa zai yi ta juyawa lafiya lau. A tsakiyar kogi, da ruwa ya danno injin, sai ta tsinke. Sauran robar kuma wani ya kwashe bayan abin ya faru. Mai wannan aikin ya san ƙarfe, Yallaɓai, amma bai san ruwa ba."

Sufeto ya koma ofis da murnarsa, murnar ba ta kai la'asar ba. Oga ya ce madalla, yanzu an san yadda aka yi, saura wa ya yi. Kuma wa ke da mukullin sarƙar jirgi in ba mai fito ba? Abin da aka samo don ceton Ɗanbaba sai ya zama ƙarin dutse a kansa. A hanyar komawa Tudun Gamji Sufeto ya riƙa kallon rumfunan gonaki. Kowane tiyo, kowace mahaɗar bututu, kowace ƙotar fartanya da ta tsage, da baƙar roba aka naɗe. Daga Kura har Bunkure babu gidan manomin da ba shi da ita. Kai, wannan shaida ai da ita da babu duk ɗaya.

Ya tsaya wurin zaman makoki a ƙofar gidan Malam Badamasi. Aka yi addu'a, aka shafa. Wajen shafawar ne hannun rigar dattijon ya zame, Sufeto ya ga hannun dama naɗe da tsumma, gefen fatar ya yi ja ya tashi.

"Baba, me ya sami hannun?"

"Salansar injin ban-ruwa ce. Abin sana'a."

"Mukullin sarƙar jirgi guda nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya wurin mai fito, ɗaya wurina. Nawa ya ɓata tun bara."

"Ranar Lahadi da yamma kana ina?"

"Kasuwa, kamar kowa."

Sufeto ya yi sallama ya tashi. Sai da suka shiga mota Saje Saliha, wadda 'yar manoma ce daga Kadawa, ta ce, "Oga, wa yake tayar da injin ban-ruwa cikin Agusta? Ruwa fa muke roƙon Allah ya sassauta."

Sufeto ya tuno ƙunar hannun dattijon. Ya gane, kuma bai so ya gane ba. Uban mamaci? Ya je ya ce wa garin nan uban mamaci?

Ranar Laraba da safe matar Ɗanbaba ta zo ofis da goyo da yara biyu. An ce su bar gari kafin Juma'a, an kuma sa shanu cikin shinkafarsu. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi komai ba, ta dai zauna a dakalin ofis. Sufeto ya wuce ta gabanta sau uku yana neman abin da zai ce mata, bai samu ba.

Mutum ɗaya ya rage ba a tambaya ba, Aziza, matar marigayi. Tana takaba, don haka Saje Saliha ce ta shiga ɗakin, Sufeto ya tsaya a bayan asabari yana ji.

"Ranar Lahadi yaya maigidanki ya wuni?" in ji Saje.

"Cikin damuwa. Ya riga ya cire iri, ya ɗauka ruwa zai ja a tsallaka da kwalekwalen masunta. Ruwa ya ƙaru, masunta suka ƙi. Iri kuwa in ya kwana uku a cire ya tashi aiki. Ko tuwon rana bai ci ba, ya tafi kasuwa."

"Wa ya gaya masa an gyara jirgi?"

"Ni ce."

"Ke kuma wa ya gaya miki?"

"Baba. Gab da magariba ya tsaya nan bakin ƙofa, ya miƙo mini galan ɗin kalanzir da ya ara da azahar. Ya ce, ki gaya wa mutumin naki jirgi ya gyaru, ya yi sammako."

"Me ya sa bai faɗa masa da kansa ba?"

"Haba, ɗan fari ne fa. Baba ko sunansa ba ya kira. In yana da magana da shi, ta bakina ko ta bakin Iya take bi." Sufeto yana jin numfashinta ta cikin asabari. Sai muryarta ta sauya. "Me ya sa kuke tambayar kalanzir? Baiwar Allah, me ya sa kuke tambayata wannan?"

Sufeto ya fita daga gidan kamar wanda ya yi sata.

Ya sami Malam Badamasi bayan la'asar a rumfar aikinsa, shi kaɗai, tsakanin injinan da aka jera ana jiran rani. Ba ya aikin komai. Sufeto ya zauna kan wani tsohon bokiti, ya cire hularsa ta aiki.

"Baba, ba ni da shaidar da zan kama ka da ita. Ƙuna a hannu ba laifi ba ce, aron kalanzir ba laifi ba ne. In ka ce ba ka san komai ba, zan tashi in tafi, babu abin da zan iya. Gobe da ƙarfe takwas mota za ta wuce da Ɗanbaba Kano. Matarsa na zaune a dakalinmu da yara uku. Abin da na zo in faɗa maka ke nan."

Dattijon ya ce, "Ai ya fasa masa goshi da azumi."

"Ya fasa. Shi ya ɗaure sitiyarin da roba?"

Sufeto ya mai da hularsa, ya yunƙura zai miƙe. Sai dattijon ya sa hannun hagu cikin aljihu, ya zaro wata baƙar roba a nannaɗe, tsinkakkiya, ya ajiye kan gwiwarsa.

"Shekara arba'in ina ɗauri da wannan," ya ce. "Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na ɗaure tiyon da ruwa ke fita kamar zai kayar da mutum, ta riƙe."

"Faɗa mini daga farko."

"Na ga yaron nan zaune gaban irinsa ya haɗa kai da gwiwa. Noman shekararsa ke nan. Ni na ce a jira Ɗanladi, da bakina, gaban ƙungiya. Kuma ɗan fari ne. In aka gan ni ina fama da jirgi saboda shi, a ce me? Sai na bari gari ya watse kasuwa. Na zuba man birki, ta ƙi. Na sa wuta, ta ƙi, har ta lashe ni. Na ɗauko guduma. Da ta saki, Yallaɓai, daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba. Sai ƙusa ta ƙi shiga. Rana na faɗuwa, 'yan kasuwa na dawowa. Na ce bari in ɗaure, sawu biyu ne kawai, Laraba mai gyara na zuwa. Na juya sitiyarin ya fi sau hamsin ina gwadawa."

"Bayan abin ya faru fa?"

"Ni na sa aka jawo jirgin. Ana can ana dukan Ɗanbaba na kwance ta na sa a aljihu. Na ce in an yi jana'iza zan faɗa. Aka yi. Na ce in an yi sadakar uku. Kullum in na shiga gida uwarsa na kan sallaya tana kai ƙarar Ɗanbaba wurin Allah. Ta yaya zan ce mata ba shi ba ne, ni ne?" Ya dubi robar da ke kan gwiwarsa. "Mudassiru. Shekara talatin da huɗu ban kira sunan nan ba. Abu ɗaya na taɓa yi masa da hannuna, shi ne wannan."

Sufeto ya kawar da kai. Ya kama ɓarayi, ya kama masu kisa, bai taɓa jin ya tsani aikinsa kamar yau ba. Babu abin da zai yi wanda zai dawo da komai daidai. Gida ɗaya zai tsira, ɗayan ya ƙara rushewa.

"Baba, dole ka zo ka maimaita a ofis. Akwai ganganci, akwai ɓoye shaida, akwai mutumin da ya kwana biyu a bayan kanta saboda shirunka."

"Na sani. Kada dai a bi da ni ta ƙofar gida."

Ba a sa masa ankwa ba. Suka zaga ta bayan gari, ta kan gaɓar kanal, shi da robarsa a hannu.

Da aka gama rubuta jawabi ya dangwala yatsa, Oga ya karanta, ya ce a buɗe wa Ɗanbaba. Babu wanda ya tsaya yi masa bayani. Ya fito yana dafa bango, riƙe da wandonsa don an karɓe mazagi. Sai ya ga Malam Badamasi zaune a benci gaban kanta.

Ya ɗauka dattijon ya zo ne ya yafe masa. Ya tako da sauri ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ashe kai ka zo da kanka? Allah ya saka da alheri. Ban samu na yi maka gaisuwa ba, ina ɗaure aka kai shi. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Mudassiru. Wallahi Baba na neme shi, na nutsa ya fi sau goma."

Malam Badamasi ya sunkuyar da kai. Wani kofur na tsaye da mukulli a hannu, ƙofar da Ɗanbaba ya fito tana nan a buɗe. Ya dubi Sufeto yana jiran umarni.

Sufeto Dalhatu ya ce, "Ɗanbaba, tashi ka je, iyalinka na waje."

Sai da ya ga fitarsa sannan ya gyaɗa wa Kofur kai. Dattijon ya miƙe da kansa, ya cire takalmansa ya jera su a bakin kanta, ya shiga.